Masu Tattabaru a Bakin Kabarin Staf

A garin nan, in mutum ya mutu a ɗakinsa aka rasa wanda zai ce nasa ne, hukumar gari ce ke binne shi da safe, kuma ba a sauke shi cikin rami sai wani mawaƙi ya karanta masa baitocin da aka tsara dominsa shi kaɗai. Mawaƙan garin bi da bi suke yi. Amma tun hunturun bara Tineke Moons take bin sauran tana roƙon su bar mata ranarsu, su kuwa da murna suke bari, don ba kowa ke son tsayuwa cikin sanyi yana yi wa akwati magana ba.

Da can Tineke ba ta gawa ba ce. Ita ce mai rubuta wasa ta hau dandamali ta yi shi da kanta, zaure cike, mutane har kan matakala. Sai ran nan tana tsakiyar wasanta na matar da ke tuƙa jirgin fito, wani ya yi tari a layin gaba. Ta dube shi. Shi ke nan. Maganar da ita ta rubuta da hannunta ta gudu daga bakinta, ta tsaya tana kallon jama'a suna kallon ta har aka ja labule. Tun daga ranar, in dai akwai idon mai rai a kanta, baiti ba ya fita. A maƙabarta kaɗai muryarta ke zuwa, don Meneer Loots, jami'in hukuma, sama yake kallo, masu ɗaukar gawa huɗu kuma takalmansu suke kallo. Mai gidan wasan ya gaji da jira, ya ce in bazara ta shigo ba ta dawo ba zai ba wa wani zauren. Ga itatuwa har sun fara toho.

Mamacin yau sunansa Staf Wuyts. Abin da Loots ya gaya mata game da shi bai cika tafin hannu ba: kujera ɗaya, kofi ɗaya, buhun masara, da tsani mai hawa saman rufi. Da wannan ta tsara waƙarta, ta buɗe ta da cewa ya rayu ya mutu babu bakin da ya san sunansa.

Ana yayyafi. Masu ɗaukar gawa sun ɗora akwatin a kan katakai biyu bisa ramin, sun zura igiyoyi ta ƙarƙashinsa. A wannan maƙabarta haka suke yi, sai su zare katakan su riƙe mamaci a hannu har waƙa ta ƙare, wai don kada ya saurari maganarsa ta ƙarshe yana kwance kan itace kamar kayan kasuwa. Ba wanda ya san wa ya fara. Tineke ta fito da takardarta, suka zare katakan.

Sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin ƙofa, wata na bin ta. Tsofaffi suka yi ta fitowa da hulunan ulu, su goma sha wani abu, wasu riƙe da kwandunan kaba masu murfi. Ɗaya yana jan tukunyar iskar numfashi a kan ƙananan tayoyi, bututu a hancinsa. Daga cikin kwandunan ake jin kukan tattabaru.

"Nan ne ake binne ɓarawon?" in ji na gabansu, wani gajere mai jan hanci.

Loots ya tare shi. "Yallaɓai, wa kuke nema?"

"Staf mana. Ni ne Fons, shugaban 'yan tseren tattabaru na bayan tasha. Ku da kuka ce ba shi da kowa, ba ku ɗaga kai kun dubi rufinsa ba? Tsuntsayensa ne suka yi ta sauka a gidajenmu da yunwa, muka duba zoben ƙafarsu, muka ce to, ko dai Staf ya mutu ko ya yi hauka, don da ransa ba ya barin ƙwaya ɗaya tasa ta ci masarar wani."

Suka kewaye ramin. Ba su kalli sama ba, ba su kalli takalma ba. Ita suka zuba wa ido.

Tineke ta sunkuyar da kai. Ta dubi layin farko na takardar. Ƙarya ce yanzu, ga bakuna nan sun fi goma da suka san sunan. Layi na biyu ma a kan na farko ya jingina, haka har ƙasa.

"Meneer Loots," ta ce a hankali, "karɓi ka karanta."

"Ni? Madam, ni sa hannu na iya. Kuma ko na karanta wannan, jifa na za su yi."

"To su mayar da katakan."

"Ba a mayarwa. Kin sani."

Ta sani. Ta saci kallon masu igiya. Babbansu ya haura sittin, igiyar ta jiƙe, ta ga tana zamewa kaɗan kaɗan tsakanin yatsunsa, yana naɗe ta a wuyan hannu. Kan akwatin ya ɗan karkata wajensa.

"Kai, tsaya," in ji mai tukunyar iska, yana leƙa fuskarta. "Fons, ba ita ce wadda ta ƙame a gidan wasa ba? Matata na can ranar. Ta ce ba ta taɓa biyan kuɗi ta kalli mutum yana tsaye ba sai ran nan."

"Rufe baki, Remi, ajiye iskarka."

"Ai gaskiya na faɗa."

Ƙofar maƙabarta tana bayanta, a buɗe, kekenta na jingine da bango. Ta san in ta juya yau ba mai tsayar da ita, ta kuma san daga nan ba sauran inda za ta buɗe baki, ko gaban matattu. Ta ja numfashi, ta buɗe bakin. Ba abin da ya fito. Ruwa na ɗiga a kan takardar, tawada ta fara yaɗuwa. Remi ya yi tari, dogon tari mai ƙara.

"'Yar nan," in ji babban masu igiya ta cikin haƙora, bai ɗago ba, "ko mene ne, faɗi. Mutumin nan ba siriri ba ne."

Fons ya tofar da yawu gefe. "Masararmu ce a cikinsa, shi ya sa."

Ba waƙa ce ta zo mata ba, tambaya ce kawai, irin wadda ake yi wa mai sayar da burodi. "Baba, me ya satar muku?"

"Me bai sata ba! Yana da wata farar tattabara mace, ranar tsere sai ya ɗora ta a kan rufi. Namijina mafi gudu ya taso tun daga Faransa, yana ganin ta ya manta gidansu."

Tineke ta kawar da ido daga gare su, ta dubi murfin akwatin. "Staf," ta ce, muryar siririya, da ƙyar ta kai bakin ramin, "Fons ya ce ka sace masa namiji da farar mace."

Wani ya yi dariya ta hanci.

"Biyu," in ji Fons. "Gaya masa biyu ne."

"Biyu ne, Staf. Bai manta ba."

"Gaya masa lokacin da na kwanta asibiti shi ya riƙa hawa rufina yana ba nawa ruwa," in ji Remi, "bai taɓa faɗa ba, maƙwabciya ce ta gan shi. Kuma da na fito ya ce tattabaruna kaji ne."

"Staf, Remi ya san kai ne mai hawa rufinsa da asuba. Ya san ka kira su kaji. Ya zo da iskarsa a kan taya don ya gaya maka ya sani."

Daga nan suka ɓarke. Wannan ya ce Staf bai taɓa sayen giya ga kowa ba, wancan ya ce ƙarya ne, ya saya sau ɗaya ranar da aka rushe tsohuwar gada. Wani ya ce yana yi wa tsuntsaye fito da wata irin murya da har karnuka ke bi. Tana karɓa tana miƙa wa akwatin, tana rage nan tana ja can, har maganganun suka fara faɗowa a kan kari ɗaya kamar baitoci, suna amsa juna. Ba ta san lokacin da ta daina kallon murfin ba. Ta tsinci kanta tana kallon Fons ido cikin ido tana jiran abin da zai ce, shi kuma hancinsa ya ƙara ja.

"Madam," in ji mai igiya, "hannuna."

"Sauka lafiya, Staf," ta ce. "Sun zo da yawa, kuma har yanzu haushinka suke ji."

Igiyoyi suka tafi a hankali, akwatin ya taɓa ƙasa da ɗan ƙara. Babban masu igiya ya buɗe tafinsa yana hurawa, igiya ta yi masa jan layi.

Tineke ta cusa hannuwa cikin aljihu. Ko abin zai tsaya mata a zaure mai fitilu, ba ta sani ba.

"Wannan ai ba waƙa ba ce," in ji Remi. "Maganarmu ce kika mayar masa."

"Kuma kin bar babba," in ji Fons. "Kofin tseren shekarar ambaliya nawa ne, agogonsa na auna tsere ya murɗa. Ba ki gaya masa ba."

"Baba, an riga an sauke shi."

"To sai ki ɗaga murya, ai ya yi nisa."

Tineke ta matsa bakin ramin, ta share ruwa daga fuskarta. "Staf Wuyts!" ta kira. "Fons ya ce kofin nasa ne!"

Can ƙarshen maƙabarta, wani mai yankan shinge ya ajiye almakashinsa ya waiwayo.