Shanun Kawu Maccido

Ubaidullahi malamin Turanci ne a Tambuwal, kuma tun yana kwaleji yake ɓoye da wani zance mai nauyi, "a great multitude of", irin wanda manya ke sawa a takarda idan abu ya wuce ƙirge. Shekara bakwai bai sami inda zai sauke shi ba, sai ranar da kawunsa Maccido ya iso daga Fakku a kan babur. Ciwon huhu ya shiga garken ƙauyen da ke kusa da su, shi ne Maccido yake so a rubuta wa likitan dabbobi na Kebbe ya zo ya yi wa shanunsa rigakafi.

"Shanun nawa na, Kawu?"

Maccido ya haɗe rai. Mai shanu ba ya faɗin yawan garkensa, ko don gudun baki. "Suna nan dai, alhamdulillahi."

Ai kuwa Ubaidullahi ya gyara zama, ya dangwara Turancinsa a tsakiyar takarda, har da lumshe ido. Shanun nan kuwa huɗu ne, ɗaya ma gurguwa.

Likita na karantawa ya aiko cewa zai zo ranar Laraba da mota, da ma'aikata uku, da allurar shanu ɗari biyu. Maccido ya dubi shanunsa. Manya su taso takanas har Fakku su tarar da shanu huɗu? Ya bi gari gida-gida yana lallashi: kowa ya koro nasa, amma a ce na Maccido ne.

Ranar Laraba fili ya cika maƙil. Maccido ya zuba babbar riga yana nuni da sanda, likita sai "Alhaji" yake ce masa, shi kuma yana amsawa ba ko kunya. Amma da yake shi ya tara mutane, bai iya tura nasa gaba ba. Ya ɗaure su a gindin tsamiya, aka fara da na jama'a.

Kafin la'asar allura ta ƙare ƙaƙaf. Likita ya hangi tsamiya ya ce, "Alhaji, waɗancan huɗun da suka rage fa, na wa ne?"

"Na wani talaka na," in ji Maccido.

Washegari da hantsi ya diro ƙofar makarantar Ubaidullahi, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Ɗauko biro, mu sake wata takarda. Fuɗu na. Rubuta fuɗu, da lamba. Kuma ka ce guda gurguwa ta."