Masaukan da Baba Ya Zaɓa Mana

Da 'yata ta samu gurbin karatun likita a can ɗaya ƙarshen ƙasar, muka yanke shawarar mu kai ta da kanmu a 'yar motarmu. Tafiyar yini huɗu ce, kwana uku a hanya. Nan take kowa a dangi ya zama masanin hanya, har da ƙanwata da ko tasha ba ta iya kai kanta.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, shi ne kuwa ya fi kowa sani. Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana jan babbar mota a wannan hanyar, kafin idonsa ya yi rauni a ce ya ajiye makulli. Tun daga nan yake zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, ba mai tambayarsa komai sai ko ya sha magani. Abin yana ci mini rai, don na san shi lokacin da in ya buɗe baki ƙananan direbobi ke yin tsit.

Shi ya sa na durƙusa gabansa na ce, "Baba, a ina za mu riƙa kwana?"

Sai ga Baba ya gyara zama. Ya sa aka kawo takarda da biro, ya kira jikarsa, wadda tun tana rarrafe yake ce wa Likita, ya ce ta rubuta. Masauki uku ya ba mu, kowanne da kwatancensa: bayan gada ta biyu, kusa da mai faci, jan ƙyaure.

"Kaka, ai a waya akwai su duka, har da hotuna da taurari," in ji Likita.

"Tauraro a sama yake, 'yar nan. Wanda ya ba su taurarin ya taɓa kwana da taya goma sha takwas a wurin?"

Na harare ta, ta ja bakinta. Ni kuwa na yi wa Baba alkawarin ba za mu kwana ko'ina ba sai inda ya ce.

Maigidana malamin makaranta ne, yana tuƙi kamar an ɗora masa tiren ƙwai a ka, don haka sai da yamma liƙis muka isa masaukin farko. Ƙyauren kaɗai ya isa a yi kallo. Maigadi ya wangale shi, ya busa usur, ya dinga yi mana hannu har muka tsaya a tsakiyar wani makeken fili da aka malale da tsakuwa. Ya kawo dutse ya tokare tayar baya, ya zagaya motar sau biyu yana ƙwanƙwasa tayoyi. Malam har wani ƙara miƙewa ya yi, don tunda ya sayi motar nan ba a taɓa girmama ta haka ba.

Sai muka shiga ɗaki. Ƙofar sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Fankar tana juyawa tana kuka, iska kuwa babu. Katifar ta lotsa a tsakiya, duk wanda ya kwanta a gefe sai ya gangaro.

Muna tsaye muna kallon-kallo wayata ta yi ƙara.

"Kun isa? Kin ga filin?" in ji Baba.

"Na gani, Baba."

"Ko ruwan kwana uku aka yi, ƙasar nan ba ta cin taya. Famfon bakin katanga yana nan?"

Na leƙa. Yana nan, yana zuba shar-shar, alhali na banɗakinmu tari kawai yake yi. Na ce masa yana nan. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Masauki na biyu ya fi na farko fili, ya kuma fi shi muni. Akwai ramin duba ƙarƙashin mota, akwai bakanike a bakin ƙofa, akwai fitila a kowace kusurwar katanga. Ɗakin kuwa ƙwan fitila ɗaya ne, shi ma sai an murɗa shi da hannu. Likita ta ɗaga zanin gadon da yatsa biyu ta ce ita dai karatun cututtuka za ta je yi, ba ta ce a fara mata tun daga hanya ba.

Na tafi wurin mai masaukin, wata dattijuwa mai ƙiba da ke zaune a baranda tana tsince shinkafa. Na ce mata mahaifina ne ya turo mu, na kwatanta shi.

"Dogo mai koren tamfol!" Ta ajiye tiren. "Ke 'yarsa ce? Yana nan da rai? Kai, madalla!"

Na ce yana nan lafiya, kuma ya yaba wurin ƙwarai. Sannan na sassauta murya na tambaye ta wane ɗaki ya saba kama, ko za a mayar da mu can.

Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗaki? 'Yata, ubanki ko launin bangon ɗakunan nan bai sani ba. Shekara ashirin yana zuwa nan. Ya shigo, ya zagaya motarsa, ya ja igiyoyin tamfol, ya sha shayi, ya hau gaban mota ya miƙe. Na sha ce masa ya shigo ko kyauta ne, sai ya ce kayan mutane ba sa kwana su kaɗai."

Da na koma na faɗa musu, Malam ya zauna a bakin gado yana dariya, gadon ya gangara da shi tsakiya. Ashe Baba masaukin mota ya zaɓa mana, mu 'yan rakiya ne. Kuma a gaskiya motar ba ta da ƙorafi ko ɗaya.

Washegari a hanya aka yi mini taron dangi. Malam ya ce bayansa ya ƙage. Likita ta nuna mini wani otal a waya, fararen zannuwa, ruwan zafi, na'urar sanyaya ɗaki.

"Umma, mu kwana a nan. In Kaka ya kira ki ce filin yana da kyau. Ai ba gani yake ba."

Kalmar ƙarshen nan ta soke ni, ita ma ta ji abin da ta faɗa ta sunkuyar da kai. Amma ba zan ɓoye ba, zannuwan nan sun shiga raina. Na ce to, mu dai biya ta na Baba tukuna, in leƙa filin don kada in yi masa ƙarya tsagwaronta, sai mu wuce.

Rana ba ta faɗi ba muka isa. Bene ne mai hawa ɗaya, fentinsa ya koɗe, ga manyan motoci huɗu a jere a fili. Ban ko rufe ƙofar mota ba Baba ya kira, kamar yana ƙirga mana kilomita daga kujerarsa.

Na riga shi. "Baba, filin yana da kyau."

"Na san filin," ya ce. "Ɗaga kanki. Akwai wani ɗaki a sama, na ƙarshe ta hannun dama, mai taga biyu. Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Shi za ki ce a ba ku. A ƙarƙashinsa nake tsayar da mota. In na kwanta a kujera, tagar nan ce a saitin idona. Wani lokaci in ga mutum da iyalinsa, yara suna leƙowa suna nuna motata. Sai in ce wata rana ni ma nawa za su leƙo ta nan. To, ban samu na kawo ku ba. In kin shiga ki gaya mini yadda cikinsa yake."

Wayar a buɗe take, duk sun ji. Likita ce ta buɗe but ta ciro jakarta, Malam ya tafi karɓo makulli yana dafe da ƙugu.

Ɗakin bai fi sauran ba. Gado biyu ne na ƙarfe, da kujera mai ƙafa uku da rabi, da madubin da ya tsage. Na tsaya a tsakiya da waya a kunne.

"Yaya yake?" in ji Baba.

"Baba, katifar ta mutu, fanka kuma babu ma."

Ya fashe da dariya har da tari. "Ashe ban yi asarar komai ba! To tagar fa?"

Likita ta ture ta ta buɗe. Iska mai sanyi ta shigo, ga filin nan gaba ɗaya a shimfiɗe, har titi da gadar da muka hayo. A ƙasa daidai saitinmu wani direba ya jingina a kujerar motarsa, ya ɗora ƙafa a kan sitiyari, da kofin shayi a hannu.

Ta karɓi wayar daga hannuna. "Kaka, akwai wani a wurinka."

"To me kike jira? Ɗaga masa hannu."

Ta zura rabin jikinta waje tana ɗaga hannu biyu, ni ma na matsa kusa da ita na ɗaga nawa. Mutumin ya waiga bayansa ya ga ba kowa, ya sake dubanmu. Sannan ya sauke ƙafarsa ya danna mana ham sau biyu, mai ƙarfin da sai da gilashin tagar ya girgiza.

"Na ji," in ji Baba. "Na ji shi."