Rabin Addu'ar da Eulogia Ba Ta Faɗa

Duk garin nan ba wanda ya kai Doña Eulogia jan carbi, kuma ba wanda ya kai ta riƙo a zuciya. Mutane sun san duka biyun, amma na farkon kawai suke faɗa a gabanta.

Kullum da yamma, in ƙararrawar coci ta kaɗa, matan unguwa sukan yafa mayafi su taru a ɗakinta, gaban hoton Uwa Maryamu da kyandir mai ci. Ita ke ja, su suna amsawa. Kowa ya san yadda ake raba addu'ar Ubanmu in ana jam'i. Mai ja ta ɗauki rabin farko, inda ake girmama sunan Allah. Masu amsawa su ɗauki na biyu, inda ake roƙon abincin yini, a kuma roƙi Allah ya yafe mana kamar yadda muke yafe wa waɗanda suka cuce mu. A wasu gidajen ana musanyawa, in an gama jan ƙwaya goma na carbi masu amsawa su koma ja. A gidan Eulogia ba a musanyawa.

"Muryarku ba ta fita," take ce musu. "Ku dai ku amsa."

Ƙarya take yi, muryar Doña Petra ma kurma na jin ta. Gaskiyar magana ita ce Eulogia ba wawiya ba ce, ta san Allah yana jin abin da baki ya furta kuma zai iya kama mutum da maganarsa. Yaya za ta buɗe baki ta ce a yi mata yadda take yi wa Nicanor? Don haka ta tsara rayuwarta kaf yadda rabin nan ba zai taɓa faɗowa kanta ba. Da safe in ita kaɗai ce, gaisuwar Maryamu take jerawa, ta tsallake Ubanmu. Ran Lahadi a coci kuwa, da an zo wurin sai tari ya kama ta, ta rufe baki da gefen mayafi har a wuce.

Nicanor ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi da matarsa Herminia suka riƙe ɗanta Fermín ranar baftisma, suka yi alkawari gaban Allah za su zame masa iyaye. Da yaron ya fara tsirar gashin baki, Nicanor ya yi ta hure masa kunne da labarin aiki a ƙasar Arewa, can ƙetaren iyaka, har ya ɗauke shi suka bi ta hamada da ƙafa. A tsakiyar hanya ƙafafun Fermín suka gaza. Nicanor ya kwantar da shi gindin wata ƙaya, ya ce zai nemo taimako, ya bi ayari. Bayan shekaru ya dawo gari da mota da tumbi. Ko ƙashi bai kawo mata ba, sai hular yaron. Ba kabarin da za ta kai wa furanni ranar matattu, kuma Fermín kaɗai Allah ya ba ta.

Ranar da abin ya faru tana tsakar gida da rana tsaka, tana murza ƙullun masara. Aka turo ƙyaure ba ko gaisuwa. Herminia ce, ido jajur, gashi a hargitse.

"Komadre," in ji ta, irin kiran da ake yi wa wadda aka riƙe wa ɗa.

"Kada ki kira ni haka. Abin da ya haɗa mu da sunan nan yana gindin ƙaya."

"Ɗan'uwanki na mutuwa. Fada na coci ya zo ya shafa masa man masu mutuwa, ya wuce ƙauyuka. Saura mai jan addu'a."

"Ki kira Petra."

"Ke yake kira."

Eulogia ta ja tsaki, ta ci gaba da murza ƙullunta. "Ashe ya iya kira. Da yarona ke kira a daji, kunnensa a toshe yake."

"Kin je wa Anastasio mashayi da ya mutu a bakin kwata. Kin je wa matar nan da ko coci ba ta takawa. Sai naki na jini ne za ki ƙi?"

"Anastasio bai kashe mini kowa ba."

Herminia ta matso, ta riƙe ƙugu. Mace ce ƙarama, amma bakinta ya fi jikinta girma. "To bari in faɗa miki abin da ba ki san na sani ba, tsarkakakkiyar unguwa. A bayanki nake zama a coci. Tarin nan naki na san lokacin da yake zuwa. Bai taɓa kama ki a waƙa ba, bai taɓa kama ki a wa'azi ba, sai wuri ɗaya. Kina jan mata addu'a kullum, ke kanki rabi kike yi. In ba ki zo ba, kafin a kaɗa ƙararrawar yamma duk matan da ke durƙusa a ɗakinki sun ji."

Hannun Eulogia ya tsaya cak a kan dutsen niƙa. Kunya ce ta fara zuwa, sannan fushi ya biyo baya ya kore ta. Addu'ar yamman nan ita ce kaɗai abin da ya rage mata. Miji ya mutu, ɗa ya ɓata, in matan suka daina zuwa sai ita da bango. Ta yi tunani da sauri. Ai gidan mai jinya ba ya rasa mata. Ta je ta ja rabinta, su amsa nasu, ta dawo ba ta yi asarar komai ba. Kuma, Allah ya gafarta mata, tana son ta ga yadda tumbin nan ya sace.

Ta wanke hannu, ta ɗauki carbinta. "Muje. Amma aiki zan yi, ba zumunci ba."

Gidan Nicanor cike yake da mata kamar yadda ta zata, wasu na dafa shayin kirfa, wasu na gulma a hankali. Da suka ga Eulogia suka miƙe za su bi ta ciki. Herminia ta tare ƙofa da hannu.

"Ku tsaya a waje. Numfashinsa ba ya son cunkoso."

Ta tura ƙofar ta rufe. Nan Eulogia ta gane an ɗana mata tarko, kuma da ƙafarta ta shiga.

Nicanor na kwance, ya ƙare sai ido. An ɗora masa gicciye a ƙirji, an kunna kyandir a gefen gado. Ta yi zaton ganinsa haka zai sanyaya mata rai, amma ba ta ji komai ba sai warin magani.

"Locha," ya ce, sunan da yake kiranta da shi suna yara. "Kin zo."

"An kira ni aiki."

"Na bar wa Fermín ruwana duka, Locha. Wallahi ko ɗigo ban tafi da shi ba."

"To ai ka kyauta. Ruwa ya ishe shi ke nan."

"Na koma. Na koma wurin, ban gane bishiyar ba. Duk iri ɗaya ne."

"Ni ma da za ka kai ni da na gane. Rufe bakinka, ka adana numfashin, za ka buƙace shi inda za ka."

Ta durƙusa, ta yi alamar gicciye, ta kama ƙwayar carbi. Muryarta ta fito tar kamar kullum, ba rawa ba gargada. Ta ja rabin farko na Ubanmu har ƙarshensa, ta tsaya inda take tsayawa.

Ba wanda ya amsa. Herminia na jingine da ƙofa, ta naɗe hannu a ƙirji, baki a ɗinke.

"Amsa mana," in ji Eulogia ba tare da ta juyo ba.

"Tari nake yi," in ji Herminia.

"Mijinki ne fa ke mutuwa, 'yar banza. Da ransa za ki yi mini wasa?"

"Ni na yafe masa abin da ya yi mini tun tuni, kuma ba kaɗan ba ne. Ba tawa yake jira ba."

Eulogia ta yunƙura za ta tashi. Sai ga wata 'yar murya daga gado, tana fita da ƙyar kamar ana jan tsohon ƙyaure. Nicanor ne ke amsawa. Ya roƙi abincin yini, shi da ko ruwa ba ya wuce masa. Ya huta, ya haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa, ya roƙi a yafe masa. A nan numfashin ya tsinke. Bakinsa na motsi, sauran maganar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ba komai sai iska. Idanunsa suka juyo kanta suka tsaya.

Tun tana budurwa, tsohuwar da ta koya mata wannan aiki ta ja mata kunne da abu ɗaya: ba a barin addu'a a rataye a kan mai mutuwa. In ya gaza, mai ja ta ƙarasa masa, kada ransa ya fita da guntuwar magana a baki. Eulogia ta ƙarasa wa mutane da yawa gaisuwar Maryamu a irin wannan gado. Wannan wurin ne kaɗai ba a taɓa bar mata ba, don kullum akwai mata a bayanta.

Ta rufe ido ta leƙa cikin zuciyarta, ko za ta sami ɗan abin da za ta kira yafiya, komai ƙanƙantarsa. Ta nema da gaske. Ta tuno shi yana yaro tana goya shi zuwa rafi, ta tuno ranar da ya riƙe Fermín a bakin ruwan baftisma yana dariya. Ba abin da ya motsa. Bishiyar ƙaya kawai take gani, da yaro a ƙarƙashinta yana kallon hanyar da kawunsa ya bi. Ta tsane shi a lokacin nan kamar yadda ta tsane shi ranar da ya miƙo mata hula.

Ta buɗe ido. Yana nan yana kallonta, ƙirjinsa na hawa da sauka.

Sai ta faɗa. Ba a hankali ba, ba cikin mayafi ba. Ta ɗaga murya yadda har matan tsakar gida suka ji, ta roƙi Allah ya yafe mata daidai yadda take yafe wa wanda ya cuce ta. Ta fitar da kowace kalma dalla-dalla, ta san abin da take roƙo, ta kuma kai addu'ar har amin.

Fuskar Nicanor ta saki. Hawaye ya gangara masa zuwa kunne, ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa buhun masara. Herminia ta buɗe ƙofa matan suka shigo suka durƙusa, aka ci gaba da carbi. Ba a kai ƙarshensa ba Nicanor ya cika.

A tsakar gida Herminia ta cim ma Eulogia, ta kama hannunta biyu tana kuka. "Allah ya saka miki, komadre. Ya tafi da sanyin rai. Ki yafe mini abin da na yi miki, ba ni da wata hanya."

Eulogia ta fizge hannunta. "Kada ki gode mini. Ban yafe masa ba."

"Amma da kunnena na ji kin..."

"Kin ji na ce a yi mini yadda na yi masa. Shi na faɗa, kuma shi nake nufi. Shekara da shekaru ina kaffa-kaffa da bakina don kada in yanke wa kaina hukunci, yau kin sa na yanke. Mijinki ya tafi yana murmushi, ni aka bari da shi. Ki je ki yi masa wanka."

Herminia ta juya ta koma ɗaki.

Eulogia ta koma gida ta tarar ƙullun masararta ya bushe, kaji sun yi masa kaca-kaca. Ba ta ko kore su ba. Ta shiga ɗaki ta zauna gaban hoton Uwa Maryamu. Hular Fermín na rataye a ƙusa inda take tun ranar da aka kawo ta. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta yi imani da kowace kalma ta addu'ar nan fiye da duk matan da ke rera ta ba tunani.

Ƙararrawar yamma ta kaɗa. Waɗanda ba su tsaya gidan rasuwa ba suka zo, Doña Petra a gaba, tana ta zuba.

"Kai, Doña Eulogia, yau kin nuna kin fi mu gaba ɗaya! Wannan ita ce addu'a. Ni da an yi mini abin da aka yi miki, ko kusa ba zan iya ba."

"Durƙusa ki rufe mini baki, Petra."

Suka durƙusa. Ta kunna kyandir, ta kama carbi, ta ja rabin farko da muryarta ta kullum. Matan suka ɗauki na biyu baki ɗaya, ita kuma ta yi shiru kamar yadda ta saba. Sai dai yau shirun bai ɓoye ta ba. Ta riga ta faɗa, kuma ta san an ji.