Sunan Pak Kasmuri a Cikin Leda

Tun ranar da Ratri ta ga kwalin kartar da ta ba mahaifinta a cikin kabad ɗin gilashi, an jingine shi tsakanin farantan auren mahaifiyarta da kwalbar turaren da aka zo da ita daga Makka, ta san dabararta ta sha ruwa. Ledarsa na nan ƙal, ba a ko taɓa ta ba.

"Bapak, karta ce fa," ta ce wa mahaifinta. "Bugawa ake yi, ba ado ba."

Pak Kasmuri yana zaune a bakin ƙofa, yana lanƙwasa siririn jan ƙarfe da hantsaki. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Da su wa zan buga? Da su Tohir? Mutanen da ke cin soyayyen rogo da hannu ɗaya suna riƙe da kati da ɗayan? Abin da 'yata ta yi ba zai sha mai ba."

"To ka buɗe ka gani mana, ko kai kaɗai."

"Ke waɗanda kika jera a bangon ɗakinki, guda nawa kika buɗe?"

Nan ya kama ta. Ratri da mijinta Yudis suna cikin mutanen nan masu tara karta, waɗanda za su jira wata takwas kwali ya iso daga ƙetare, in ya iso su juya shi gaba da baya, su ɗauke shi hoto, su jera shi a kanta, ba tare da sun taɓa ganin abin da ke ciki ba. A wurinsu yage leda kamar fasa ƙwai ne, ba ya komawa.

Shi kuwa Pak Kasmuri shekara arba'in da uku ya yi yana ƙera hatiman jan ƙarfe da ake tsomawa a narkakken kakin zuma a buga wa yadin batik zane. Rabin shagunan garinsu, Pekalongan, sun sayar da furanninsa da tsuntsayensa. Kowane yadi da sunan mai shago yake fita, a ɗinke a gefe. Sunan Kasmuri bai taɓa hawa ko ƙyalle ba, kuma shi bai ɗauki abin a bakin komai ba. Ratri ce abin ke ci wa rai tun tana 'yar makaranta, ranar da ta nuna wa ƙawayenta wata riga a tagar shago ta ce aikin babanta ne, suka karanta sunan da ke wuyan rigar suka yi mata dariya.

Da ta girma ta zama mai zane, sai ta kwashi tsofaffin hatimansa ta mayar da su karta. Ta kai zanen shafin karo-karo na intanet, inda masu sha'awa ke zuba kuɗinsu tun kafin a buga abu, in an taru da yawa a buga a aika wa kowa nasa. Kamar yadda aka saba, iri biyu ta yi. Ɗaya yana ɗauke da tambarin tsohon kamfanin da ke buga kartar, wato barewa a tsaye a gaban kwali. Ɗayan babu tambarin kowa, zane ne kawai. Takarda ɗaya, inji ɗaya, rana ɗaya aka buga su. Amma je ka faɗa wa masu tara karta haka. Akwai waɗanda in dai da barewa za su saya, ko da kaza ce ta yi zanen da ƙafa.

Sai dai barewa da sharaɗinta take zuwa. A kowace karta akwai kati guda mai baƙin ganye ɗaya a tsakiya, wanda bisa al'ada a nan mai bugawa ke rubuta sunansa. Kamfanin ya ce a mai barewa wannan katin nasa ne, ba a taɓa shi. A marar tambari kuwa Ratri ta yi yadda ta ga dama. Ta zana ganyen da furen babanta a ciki, a ƙasa ta rubuta: Kasmuri, maƙerin hatimi, Pekalongan.

Mai barewa ta tafi kamar ana rabawa kyauta. Marar tambari ɗari biyu da 'yan kai aka nema, su ma yawanci don a haɗa biyun a jera su kusa da juna. Wannan bai dame ta ba. Abin da take so ɗaya ne: tsohon nan ya ga sunansa da idonsa, a hannunsa. Kuma ba ta son faɗa masa, don ta san halinsa. Da ta faɗa zai ce wa ya sa ki, ya ƙi kallo, ya yi kwana uku yana kunya kamar an kama shi da laifi. So take ya ci karo da abin shi kaɗai. Ga shi an shiga wata na biyu, sunan na kulle kusa da farantai.

Ana haka sai masu tara karta na birnin Semarang suka gayyace ta taronsu na ranar Lahadi, suka ce ta zo da tsohon. Ya ce shi ba shi da abin faɗa wa masu kuɗi. Da Yudis ya ambaci shagon lumpia na bakin titin tasha, inda ake soya naɗin fulawa mai nama a ciki, sai tsohon ya nemi hularsa.

A cikin jirgin ƙasa Yudis ya yi ta yi masa bayani, yadda surukai ke yi in suna son a san sun san abu.

"Ka gane, Bapak, mai suna ita ce mai daraja. Ita ake lallaɓawa."

"Kamar yadi ke nan," in ji Pak Kasmuri. "Mai sunan shago yana cikin leda a saman kanta. Marar suna yana kan tebur, kowa ya warware ya duba."

"Yauwa, haka ne!" in ji Yudis, hankalinsa ya riga ya koma kan waya.

A saman benen wani shagon kofi aka yi taron, da hantsi, mutum wajen ashirin. An haɗa tebura an shimfiɗa baƙin ƙyalle, kwalaye a jere suna sheƙi. Jagoransu Koh Liong ne, likitan haƙori, mutum mai fara'a da ƙaton ciki, wanda ya yi tashin asuba ranar da aka buɗe karo-karon don ya samu lamba ta ɗaya a duka iri biyun. Ya rungumi hannun tsohon da hannu biyu, ya zaunar da shi, ya sa aka kawo masa shayi mai sukari.

"Pak, alfarma ɗaya nake nema." Ya buɗe wani akwatin gilashi ya fito da marar tambarin, yana riƙe da ita ta gefe da gefe kamar jariri. "Mai barewar ba zan bari ko tawada ta taɓa ta ba. Amma wannan, ka sa mini hannu a kai."

A lokacin Ratri tana can ɗaya gefen, wata mata ta tsare ta da tambayar yaushe za a yi na biyu. Ta gefen ido ta ga babanta ya zaro bironsa daga aljihu ya gwada a kan ledar. Biro ya zame. Ya hura masa iska ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Ya juya kwalin, ya duba gaba, babu barewa. Ya duba baya, babu sunan kowa. Sai ya sa farcen babban yatsansa, farcen da ya shekara arba'in yana kokawa da ƙarfe, ya tsaga ledar daga sama har ƙasa.

Ƙarar ba ta da yawa, amma kowa ya ji ta. Yudis ya dafe kai. Wani ya ce, "Innalillahi." Koh Liong ya buɗe baki ya kasa rufewa, kamar ɗaya daga cikin masu zuwa wurinsa. Ratri ta bar matar ta nufo teburin.

"Yanzu zai rubutu," in ji Pak Kasmuri.

Da yake hannu ya saba, bai tsaya nan ba. Ya ɓalle liƙin, ya zazzage kartar a tafinsa, ya baza ta. Bayan katunan ya fara kallo, ya matso da su kusa da ido.

"Wannan ai tsuntsun da na yi wa Haji Mahfud ne, shekarar da aka yi ambaliya. Ke 'yar nan, kin ƙara masa kauri a wuya."

"Bapak…"

"Ba laifi, ya yi kyau. Amma wuyan ya yi kauri."

Ya juya su ta fuska. Katin mai baƙin ganye yana sama. Ya dube shi, ya nisanta shi, sannan ya ajiye sauran ya laluba aljihu ya sa tabarau. Leɓensa na motsi yana karantawa. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Ratri tana tsaye tana kallonsa. Daɗi da tsoro suka cika ta lokaci ɗaya, hawaye ya zubo mata a gaban baƙi, ba ta ko share ba.

"Duk a ciki akwai wannan?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Marasa barewa kaɗai, Bapak."

Ya bi teburin da kallo, kwali bayan kwali, kowanne a naɗe tsaf.

"Ashe ni kuka kulle a leda."

Koh Liong ne ya fara dariya, irin dariyar wanda ya ga ba yadda zai yi. Ya karɓi katin ya duba. Wata biyu kwalin na gidansa, sai yau ya san abin da ya saya.

"Pak, ka kashe ni, wallahi ka kashe ni. Lamba ta ɗaya!" Ya share ido, ya mayar masa da katin. "To tunda an yanka, a ci. Sa hannun a nan, ƙarƙashin sunan."

Tsohon ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi. Kafin ya gama, matar da ta tsare Ratri ta ɗauko nata kwalin, ta rufe ido ta yage. Wasu uku suka bi ta. Sauran suka rungume nasu suka ja da baya, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Masu barewa dai ko ɗaya ba a taɓa ba. Kafin azahar an ture kwalaye gefe, Pak Kasmuri yana rabon kati, yana koya wa likita yadda ake maƙala wa wanda aka cinye abin matse kayan shanya a kunne.

A jirgin komawa Yudis ya yi barci da ledar lumpia a cinya. Tsohon yana kallon gonakin shinkafa ta taga har suka wuce tasha biyu.

"Wa ya sa ki?" ya ce, bai juyo ba.

"Ba kowa."

Ya gyaɗa kai. Can ya sake cewa, "Na gida, na cikin kabad. Shi ma akwai?"

"Akwai, Bapak."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Gobe ki aika a kira mini su Tohir," ya ce. "Ki ce su wanke hannu."