Mahaukacin Majigi

Malam Labaran na cikin rufe ƙofar kamfanin fata da yake gadi a Challawa sai Saudat mai shinkafa da wake ta miƙo masa wayarta, tana danne dariya.

"Baba, don Allah ku duba. An ce wai ku ne."

Ya matso da wayar kusa da ido. Wani siririn saurayi ne a hoto mai dishi-dishi, ya zuƙi hayaƙi sau ɗaya, ya zare ido, ya yage rigarsa, ya bi 'yan mata da wuƙa. Ma'aikatan da suka fito cin abincin rana suka kewaye su, kowa na ƙyaƙyatawa.

"Ni ne," in ji shi.

Ƙarar injinan ta ja baya. Ya ga kansa yana ɗan shekara ashirin, ranar da wasu mutane suka zo garinsu da mota, suna neman mai manyan idanu da zai fito a majigin jan kunne kan shan wiwi. Suka cusa 'yan rawa da ruwan tumatir a matsayin jini, don a cika fili. Ya tuna farin ƙyallen da aka ɗaura jikin tsamiya, iska na kaɗa shi, fuskarsa na kumbura tana lotsawa kamar a cikin ruwa. Jama'a sun sha kallon rawa sun watse, shi kuma sunan Mahaukacin Majigi ya bi shi har aurensa.

"Malam Labaran."

Muhyiddeen ne, shugaban masu aikin safe. Ya ja shi gefen wata tirela.

"Na sallami ɗanku Kamilu ɗazu, sai an neme shi. Saura ƙiris injin matse fata ya tafi da hannunsa. A buge yake, Malam. Wiwi ne."

"Kamilu? Yaron da ko muryarsa ba a ji?"

"Ai shi ya sa na ce bari in faɗa muku da bakina."

Ya bar wa abokin gadinsa makulli, ya bi hanyar da ta gangara kogi. Rana ta kwanta a kan rufin kamfanoni, kwano na rawa a ido. Tun Kamilu na ƙarami yake dubansa, yana jiran zare ido, ko dariya ba dalili, ko zabura. Bai taɓa ganin ko ɗaya ba, yana ta godiya ga Allah.

Ya same shi a ƙarƙashin wata giginya, ya haɗa kai da gwiwa. Can ƙasa masu ɗiban yashi na lodin tifa, muryoyinsu na isowa a hankali. Malam Labaran ya tattare rigarsa ya zauna kusa da shi.

"Nuna min hannun."

Kamilu ya miƙa. Yatsu biyar cif, sai ɗan ƙujewa a bayan hannu. Uban ya riƙe su ya ƙi saki.

"Tun yaushe?"

"An jima, Baba. Ko na kwanta injin nan ba ya daina juyawa a kaina. In na sha sai ya tsaya, in ji kamar ina kwance a kan ruwa. Yanzu kuma in ban sha ba, ba na iya tashi."

"Yana jikinka?"

Kamilu ya zaro ɗan ƙulli daga safa ya ajiye a tafin ubansa. Malam Labaran ya warware takardar. Abin da aka naɗa masa a majigi busasshen ganyen rama ne. Na gasken bai taɓa riƙe shi ba sai yau. Ya kai hanci.

Ya san warin nan. Tun bara yake jin sa a rigunan Kamilu idan sun tsaya sahu ɗaya a masallaci, ya ɗauka wani sabon maganin jimar fata ne.

Ya naɗe takardar ya cusa a aljihu.

"Gobe ba zan zo aiki ba," in ji shi. "Da safe sai ka tashe ni, mu je wurin likita. In ka kasa tashi, ni zan tashe ka."