Landirobar Malam Dankure

Landirobar Malam Dankure ta girmi duk 'ya'yansa. Ya fara tuƙa ta tun yana direba a aikin shinkafar fadama, da aka yi gwanjon motocin aikin kuma ya saye ta ya kawo gida Argungu, ya yi mata rumfar kwano kusa da garken awaki. Fentinta kore ne mai duhu, wanda ta fito da shi daga kamfani, rana ta ɗan koɗar da shi. A ƙofar direba akwai wani wuri da ya goge har ƙarfe ya fito, inda tsohon ke jingina gwiwar hannunsa. Ba wanda ya taɓa kwance injinta sai shi.

Yanzu Malam Dankure yana kwance a asibiti a Birnin Kebbi, ƙafafu sun kumbura. Likita ya gaya wa babban ɗansa, Muhyiddeen, ba ɓoye-ɓoye: ko a ci gaba da wankin ƙoda, ko a mai da shi gida. Shinkafar bara ta tafi a magani, awakin ma sun bi ta. Mota kawai ta rage, tsohon kuma ya ɗaga kai ya yarda a sayar.

Wani direban tasha ne ya haɗa Muhyiddeen da Alhaji Abbas, mutumin Kaduna da ke nema wa wasu attajirai tsofaffin motoci, su ajiye don sha'awa. Alhajin ya zo ya zagaye ta, ya kwanta ƙarƙashinta da farar shaddarsa, ya shinshina kujerun, ya daɗe yana shafa wurin nan da ya goge. Abin da ya taya ya isa a riƙe tsohon a asibiti har bayan damina.

"Mun shirya, Malam Muhyiddeen," in ji shi. "Ranar Laraba ta sama zan dawo da mutanena. Amma don Allah a bar ta yadda take. Kada a wahala."

"To, ranka shi daɗe."

Ƙurar motar baƙon ba ta kwanta ba Sadatu, ƙanwar Muhyiddeen, ta fito daga zaure.

"Yaya, haka za ka miƙa wa mutum ita, ta koɗe kamar tsohuwar tabarma?"

"Shi yac ce a bar ta."

"Kai kuma ka yarda! Wane baƙo ne bai cewa kada a wahala? An taɓa ƙin dafa mishi abinci? Kara kawai yay yi maka. Ko kwalekwale Kawu Hodi za shi saida, sai ya shahe shi da sabuwar kwalta kahin shi miƙa. Motar Baba ce za ta bar gidanga da tsumma?"

Muhyiddeen ya dubi motar, sai ya gan ta da idon baƙo: koɗaɗɗiya, kujera a tsage, kamar gidan ba mai kula. Kunya ta kama shi. Washegari ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya tuƙa motar zuwa Birnin Kebbi, garejin Tamba mai fenti.

Tamba ya yi aiki tsakani da Allah. Ya goge koren nan da sanfefa har ƙarfe, ya cike lotsawa, ya fesa shuɗi mai walƙiya. Kujeru suka sha jar leda, tsofaffin fitilu suka tafi bola, sababbi suka hau.

"Wallahi, Muhyi," in ji Tamba yana goge hannu, "in amarya ta gan ta, sai ta ce da ita za a kai ta. Alhajinka sai ya ƙara maka tukuici."

Ranar Laraba Alhaji Abbas ya iso da mutum biyu da babbar motar ɗauka. Muhyiddeen ya yaye tamfal yana murmushi.

Baƙin suka dubi juna. Ɗaya daga cikin baƙin ya mai da wayarsa aljihu.

"Ina motar?" Alhaji ya tambaya.

"Ga ta, ranka shi daɗe."

Alhajin ya matsa ya ɗora hannu a ƙofar direba. Sumul, shuɗi. Ya cire hannun.

"Bawan Allah, ban roƙe ka ba? Mutanena fentin asali suke saye, da kujerun asali, da wannan wurin da mahaifinka ya goge da hannunsa. Mai sabon fenti ai ga su nan birjik a Kaduna."

"Ana iya kankare shi, Alhaji. Yau ma sai in mai da ita."

"A kankare a sami me a ƙasa?"

Muhyiddeen ya tuna ƙurar kore da ya gani a ƙasan garejin Tamba, iska na kwasa. Alhaji ya cusa masa ɗan abin duba marar lafiya a aljihu, ya ce Allah ya ba Baba lafiya. Babbar motar ta juya ba kaya. Sadatu ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Muhyiddeen ya kai motar kasuwa. Masu dakon albasa suka ce ta cika shan mai. Masu gwangwan suka ce sai dai a auna ta a sikeli. A ƙarshen makon kuɗi suka ƙare, asibiti ya sallami tsohon.

Muhyiddeen ya ɗauko shi kamar jariri ya zaunar da shi a kujerar gaban motar. Malam Dankure ya dubi jar ledar, ya dubi shuɗin ƙofa.

"Muhyi, motar wa ka aro?"

"Ta wani abokina, Baba."

"Tawa ta tahi ke nan."

"Ta tahi."

"Sun yaba ta?"

"Sun yaba ta ƙwarai, Baba."

Ya tayar da inji suka hau titin Argungu. Tsohon ya karkata kai yana saurare, ido a rufe. Suka wuce Ambursa, shinkafa koriya shar hagu da dama. Bai tambayi dalilin komawa gida ba. Can Muhyiddeen ya taka mai don ya wuce wata motar albasa, injin ya yi wani ƙara, sai tsohon ya ɗora kumburarren hannunsa a kan hannun ɗansa.

"Sannu a hankali," ya ce. "Kada ka matsa mata a giya ta uku. Ba ta so."