Abin da Ya Shiga Tankin Inna Vandi

Tankin injin ban ruwan Inna Vandi ya daɗe yana yoyo ta gindi. Ta shafa masa sabulu, ta ɗaure shi da robar taya, fetur bai fasa ɗiga ba. Da shinkafarta ta fara yaushi a gona, sai ta kwance shi ta kawo wa Khamla, mai gyaran injuna a bakin hanyar garin Phonsavan.

Khamla ya leƙa ciki da tocila, ya girgiza kai.

"Inna, wannan ai tsatsa ce kaɗai ta riƙe shi."

"To ka liƙe mini tsatsar," in ji ta. "Ni ma ita ta riƙe ni, ga ni ina yawo."

Aikin sananne ne. A wanke tanki da ruwan sabulu, a zuba tsakuwa da tsofaffin notuna, a ɗaure shi a tayar ƙaramar taraktar hannu da aka ɗage a kan gungume, a bar shi yana juyawa har cikinsa ya yi fes, sannan a liƙe hujin da dalma. Khamla ya wanke shi, ya shanya a rana, ya tafi shagon ƙasan hanya sayen dalma.

Tun daga nesa, da yana dawowa, ya jiyo taraktar tana ruri. Surukinsa ne ya kunna ta, Baba Phomma, tsohon da yanar ido ta kusa rufe masa gani amma ya ƙi zama wuri ɗaya.

"Na rage maka aiki," in ji tsohon, yana share hannu a wando.

"Sannu, Baba. A ina ka samo tsakuwa?"

"Wadda ka tara a gwangwani bayan rumfa mana. Na zubar da yashin sama, na juye sauran."

Khamla ya juya ya dubi bayan rumfa. Kwanakin baya, cikin buhun tsofaffin ƙarafa da ya saya wurin wani manomi, ya tsinci kan bam, irin na lokacin yaƙi da har yau garma ke tonowa, ɗan abu bai wuce babban yatsa ba. Ya binne shi cikin yashi da tsakuwa a gwangwanin nan, ya aika wa masu kwance bama-bamai, suka ce suna tafe. Ya gaya wa matarsa Duangta, bai gaya wa tsohon ba, don bai zaci hannunsa zai kai can ba.

Ya zagaya bayan rumfa. Gwangwani a kife. Ya durƙusa ya baje yashin da yatsu a hankali, babu komai.

Taya tana juyawa, tankin yana ƙaraf-ƙaraf da duk abin da ke cikinsa. Inna Vandi tana zaune a benci dab da shi, tana dunƙula shinkafa daga ɗan kwandonta. Gefe ga kwalaben fetur na sayarwa jere a kan tebur, ga Duangta tana gasa kaji, bayansu gidan katako.

"Duangta," ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kashe wutar nan. Kama Inna ku tsallaka hanya."

"Lafiya, Baban Noi?"

"Gwangwanin."

Ta dubi tankin, ta dube shi, ta kwara ruwa a garwashi. Inna Vandi tana mita ba ta gama cin abinci ba, Duangta ta ja ta da ƙarfi.

Baba Phomma ya gane tun kafin a yi masa bayani. Irin wannan ƙarfen ne ya kashe ƙaninsa a gona suna samari. Ya nufi taraktar.

"Ni na kunna, ni zan kashe."

"Baba, ba ka ganin hannun injin. Don girmanka, tafi."

Khamla ya yi tunanin a bar shi har man ya ƙare. Amma da safe ya cika taraktar, kuma robar da tsohon ya ɗaure da ita ta fara saki. Duk zagaye tankin sai ya ƙara karkacewa, ƙasa kuwa siminti ne.

Ya cire takalma, shi kansa bai san dalili ba, ya nufi injin ta baya. Gumi ya cika masa ido. Kowace ƙara sai ya ji kamar ita ce. Ya tuna 'yarsa Noi tana makaranta, da safe ya yi mata faɗa a kan hular kwanonsa da ta ɓatar. Ya kama hannun man, bai yarda ya kashe gaba ɗaya ba, kada tayar ta tsaya da fizga. Ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ƙarar ta koma ɗaiɗai, yana jin ƙarafan suna hawa suna zubowa. Injin ya yi tari ya mutu.

Taya ta tsaya da tankin a sama, sai robar ta zame.

Bai san lokacin da ya rungume shi ba. Ga shi durƙushe, tanki a ƙirji, wani abu a ciki ya gangara ya tsaya daidai haƙarƙarinsa. Ya kasa tashi, ya kasa ajiyewa, hannuwansa sun fara karkarwa.

"Kada ki zo!" ya ce, da ya ji takun Duangta.

"Rufe mini baki," in ji ta. Ta shimfiɗa matashin kai a gabansa, ta sa hannuwanta ƙarƙashin nasa, suka sauke shi tare, ba mai numfashi a cikinsu.

Da la'asar masu kwance bama-bamai suka iso. Shugabarsu, wata mata mai ƙaramin jiki, ta saurari labarin, ta daɗe tana kallon Khamla, sannan ta sa aka kwashe mutanen layin. Suka kai tankin wani rami bayan gari, suka kewaye shi da buhunan yashi, suka fasa shi da nakiya. Ƙarar ta tashi tsuntsaye har daga itatuwan haikali. Da Khamla ya tambayi shugabar ko kan bam ɗin yana da rai, sai ta ce ita ba ta buɗe ta gani ba, kuma gara haka.

Washegari ya cire tankin wani mataccen janareta, ya liƙe shi, ya je gona ya ɗaura wa injin Inna Vandi. Ruwa ya hau kafin azahar.

Baba Phomma kuwa ya daina fitowa rumfa. Yana zaune a baranda, ko abinci sai an matsa masa. Da abin ya yi tsawo, Khamla ya hau ya same shi, ya ce hannunsa har yanzu rawa yake in ya kama dalma, yana neman mai riƙe masa tanki. Tsohon ya laluba sandarsa ya biyo shi ƙasa.